Aikin Hajji Aikin Ƙafa Ne: Abin da Maniyyaci Ya Kamata Ya Sani

Kakanninmu sun taka daga ƙasar Hausa, ta Borno da Wadai da Darfur, har Suwakin a gaɓar Bahar Maliya, wasu sai bayan shekaru suke isa Makka. Yau jirgi na kai alhaji Jidda ko Madina cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa da yawa suke zaton an gama da tafiyar ƙasa. Ba a gama ba. Sa'ayi kaɗai, safa da marwa sau bakwai, ya haura kilomita 3. Ga ɗawafi, ga zuwa jifa da dawowa tanti kwana uku ko huɗu a jere. In mota ta maƙale a cunkoso tsakanin Arfa da Muzdalifa, ƙafa ce abin hawa.

A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji. Da yake ba su da tanti ko motar da aka tanadar musu, sai suka yi ta doguwar tafiya cikin tsakar rana. Don haka duk wanda ya ce zai shigar da kai da bizar ziyara ka yi Hajji a arha, ranka yake cinikinsa. Bi ta hukumar alhazai ta jiharka ko kamfanin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi, kuma kada katin Nusuk, shaidar izinin Hajjinka, ya bar wuyanka.

Shiri daga gida yake farawa. Wata biyu ko uku kafin tashi, a riƙa tattaki kullum da safe ko da yamma, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. A yi shi da takalmin da za a tafi da shi. Sabon silifas da aka saya a kasuwar Makka shi ke fasa ƙafa ranar Arfa. Namiji mai harami ba ya sa wando, cinyoyi kan gogi juna har su yi ciwo. Man shafawa marar ƙamshi yana hana wannan. Mai ciwon suga kada ya kuskura ya taka kwalta ko dutse ba takalmi, domin ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, maganinsa kuma ya kasance a jakar wuya, ba a akwatin da ya bari a masauki ba.

Sai batun ruwa. Wasu, musamman hajiyoyi, kan ƙi sha don gudun layin banɗaki a Mina. Wannan ganganci ne. A sha kaɗan-kaɗan a kai a kai tun kafin ƙishi ya zo, a riƙe ƙunshin gishiri da sukari na haɗawa da ruwa. In fitsari ya yi ƙaranci kuma ya yi ja, jiki ya fara bushewa. A riƙe farar lema, a guji fita daga hantsi zuwa la'asar. Filin Arfa duk wurin tsayuwa ne, ba dole sai an hau Dutsen Rahama ba.

Idan abokin tafiya ya kama jiri, ciwon kai ko amai, ko ya fara sambatu, kada a ce gajiya ce ya yi haƙuri. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a kira motar asibiti ta lamba 997. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

A wajen jifa, a kiyaye lokacin da aka ware wa tantinku, kada a saɓa wa hanyar da jama'a suke bi. Turmutsitsin Mina na 2015, wanda ya ci rayukan 'yan Najeriya da dama, ya faru ne inda ayari biyu suka yi karo. Shari'a ta yi sauƙi ga tsoho da marar lafiya da mai juna biyu su wakilta wani ya yi musu jifa. A tambayi malamin bita hukuncin wannan tun ana gida, domin a cikin cunkoson Mina babu sararin neman fatawa.