"Duk Ɗalibanmu Sun Ci": To, Yara Nawa Ne?

Duk shekara idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, ba wuya ka ci karo da kyalle a ƙofar wata makaranta an rubuta cewa kashi 100 bisa 100 na ɗalibanta sun ci jarrabawa. Ko a Ƙofar Kware kake, ko Ƙofar Marke, ko Mabera, irin wannan rubutu yana jan hankalin uba da uwa, domin kowa na son inda ɗansa zai yi nasara. Wani har ya cire yaronsa daga inda yake, ya mayar da shi can, ya ƙara wa kansa kuɗin makaranta. Kafin ka yanke wannan shawara, mai karatu, akwai tambaya ɗaya da ya kamata ka yi: yara nawa ne suka zauna jarrabawar?

A ce makarantu biyu ne. Ta farko ta shigar da yara 10, ta biyu ta shigar da 200. A ta farko, yaro ɗaya kaɗai kashi 10 ne na sakamakon. Idan zazzaɓi ya kama shi ranar jarrabawar lissafi, makarantar ta sauko daga kashi 100 zuwa 90. A ta biyu kuwa, yaro ɗaya rabin kashi ɗaya ne kacal, faɗuwarsa ba za ta motsa komai ba.

Ga wani lissafin. A ce koyarwar makarantun biyu daidai take, kowane yaro yana da damar ci sau 8 cikin 10. Yiwuwar yara 10 su ci gaba ɗaya ta ɗan haura 1 cikin 10. Ma'ana, idan akwai ƙananan makarantu 10 masu irin wannan koyarwa, a yawancin shekaru za a samu ɗaya da za ta kafa kyalle, ba don ta fi sauran ba, sai don sa'a ta faɗo kanta. Mai yara 200 kuwa za ta daɗe ba ta ga kashi 100 ba, alhali malamanta ba su gaza na waccan ba.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A shekarun 2000, gidauniyar Bill da Melinda Gates ta kashe kimanin dala biliyan 2 a Amurka wajen kafa ƙananan makarantun sakandare, bayan an lura cewa ƙanana sun yi yawa a jerin makarantun da suka fi fice. Masanin ƙididdiga Howard Wainer ya duba sakamakon makarantun jihar Pennsylvania, sai ya tarar ƙananan sun yi yawa a saman jerin, sun kuma yi yawa a ƙasansa. Sakamakon 'yan kaɗan lilo yake yi, bana sama, baɗi ƙasa.

Ɗanɗanon miya

Masu binciken ilimi ba sa iya tambayar kowane ɗalibi, don haka sukan ɗibi wasu su wakilci sauran. Waɗannan da aka ɗiba su ne samfuri. Uwargida ta san wannan aiki tun kafin ta ji sunansa. Ba ta shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji, cokali ɗaya ya isa, matuƙar ta juya miyar. Kuma cokalin da take ɗanɗana tukunyar gida da shi, shi ne dai zai ishe ta a tukunyar biki.

Haka lissafin yake. Idan aka ɗibi yara 100 ta hanyar ƙuri'a, abin da aka samu zai iya kauce wa gaskiya da kimanin kashi 10, sama ko ƙasa. Idan 400 ne, kaucewar ta koma kashi 5. Idan 1,600 ne, kashi 2 da rabi. Ka lura: kafin kuskure ya ragu da rabi, sai an ninka yaran sau huɗu. Shi ya sa bincike mai inganci yake da tsada.

Idan kana da ɗa ko 'ya da ke aikin binciken kammala karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, mai yiwuwa ka ji ana ambaton jadawalin Krejcie da Morgan. Masana biyu ne da suka fitar da shi a 1970. Jadawalin ya nuna cewa idan ɗalibai 100 ne gaba ɗaya, a ɗibi 80. Idan 1,000 ne, a ɗibi 278. Idan 10,000 ne, a ɗibi 370. Ko sun kai 100,000, mutum 384 sun isa. Tukunya ta girma ƙwarai, cokali bai ƙaru da yawa ba.

Yawan yara ke zaɓar ma'auni

Adadin yaran da aka samu shi ke faɗa wa mai bincike irin lissafin da zai yi amfani da shi. A 1908, wani ma'aikacin kamfani a birnin Dublin mai suna William Gosset, wanda aikinsa ke tilasta masa yanke hukunci daga gwaji 'yan kaɗan, ya fito da hanyar da ake kira gwajin t. Hanyar tana tsaurara sharaɗi idan samfuri ƙarami ne, sai bambanci ya fito fili sosai kafin a yarda da shi. Da zarar adadi ya haura kamar 30, tsaurin yakan fara sassautawa. Akwai kuma gwajin Chi-square da ake yawan yi wa amsoshin takardar tambayoyi. Shi ma yana rasa inganci idan adadin da ake sa ran samu a wani gurbi na jadawali ya gaza 5.

Ƙaramin samfuri yana iya ɓoye alheri. A ce malama ta gwada sabuwar hanyar koyar da karatun Hausa a kan yara 15, ta bar wasu 15 a tsohuwar hanya. Ko da sabuwar ta fi amfani, lissafi zai iya cewa ba a ga bambanci ba, a jefar da ita. Jacob Cohen, wanda ya yi fice a wannan fanni, ya nuna cewa gano bambanci matsakaici yana buƙatar kimanin mutum 64 a kowane rukuni, ƙaramin bambanci kuwa kusan 400. Don haka "ba a ga bambanci ba" daban, "babu bambanci" daban.

Babban samfuri shi ma yana da nasa tarko. Idan yara dubbai ne, ko bambancin rabin maki sai lissafi ya kama shi. Tambayar da ta rage ita ce: rabin makin nan ya kai a sauya littafi ko a ƙara wa iyaye kuɗi?

Yawa kaɗai bai isa ba

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a nan sai an haɗa da adalcin zaɓe. A 1936, mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya yi nasara da gagarumin rinjaye. Mujallar ta fi samun sunaye daga masu tarho da masu mota, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka maido da amsa. George Gallup, da mutane ƙasa da haka nesa ba kusa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mai sayen gero ya san dalilin da ya sa yake zura hannu har tsakiyar buhu.

Dawo da wannan gida. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Ɗalibin da ya raba takardun tambayoyi 300 a makaranta ɗaya da ke kusa da gidansu a Ƙofar Kware, ba zai iya cewa ya san halin da yaran Gada ko Kebbe ko Isa suke ciki ba. Yaran makaranta ɗaya malamansu ɗaya, allonsu ɗaya, unguwarsu ɗaya, don haka amsoshinsu kan yi kama da juna. Yara 10 daga kowace cikin makarantu 30 sun fi yara 300 daga makaranta guda faɗar gaskiya. Kuma wanda ya tsaya a aji kawai, ba zai taɓa ƙirga yarinyar da ke talla ko yaron da ke kiwo ba. Wannan ne ya sa binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya bi gida-gida yana gwada karatu da lissafin yara masu shekara 7 zuwa 14.

Abin da za ka tambaya

Idan za ka sa yaro a makaranta, ka nemi shugabanta ya faɗa maka yara nawa ne a ajin ƙarshe, nawa aka yi wa rajistar jarrabawa, nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Idan adadin 'yan aji ya fi na waɗanda aka yi wa rajista, ka tambayi ina sauran. Ka nemi sakamakon shekara 3 ko 4 a jere, domin sa'a ba ta cika maimaita kanta ba.

Idan kuma ɗanka ne ke bincike, ka taimaka masa da kuɗin mota ya leƙa makarantu da dama, ka kuma gargaɗe shi kada ya zauna a ɗaki ya cike takardun da hannunsa don adadi ya cika. Yara 80 na gaskiya, tare da bayanin cewa iyakar abin da aka samu ke nan, sun fi 400 na ƙarya. Wata rana wani zai ɗauki wannan aikin ya gina shawara a kansa, kuma yaran mutane ne za ta shafa.