Zafin Yola da Cajin Gaggawa: Abin da ke Cinye Batirin Waya a Namtari

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa faɗuwar damina, zafin rana a Namtari, garin da ke kan hanyar Yola zuwa Numan a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen kwarin Binuwai, domin a watan Afrilun 2010 an auna zafin da ya zarce digiri 46 a Yola. A daidai wannan lokaci ne ƙorafi kan batirin waya ke yawaita, daga Namtari har zuwa wurin masu gyara a Jimeta: wayar da ba ta cika shekara biyu ba ta daina riƙe caji, wata kuma batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya.

Mafi yawan mutane kan ɗora laifin a kan cajin gaggawa. Suna da hujja, domin tsohuwar cajar iPhone wat 5 kawai take bayarwa, alhali wayoyin Tecno da Infinix na yau suna zuwa da caja mai wat 33 ko 45, kuma a 2022 Infinix ya fitar da Zero Ultra mai wat 180. Sai dai binciken masana batiri ya daɗe da nuna cewa babban mai laifin shi ne zafi, saurin caji kuwa yana ɓarna ne gwargwadon zafin da ya ƙara.

Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, yana aiki ne ta hanyar kai-komon ƙwayoyin sinadari tsakanin ɓangarorinsa biyu. A kowane caji, wata siririyar fata da ke jikin ɗaya ɓangaren tana ƙara kauri, tana kuma haɗiye wani kaso na litiyam ɗin da ba zai dawo ba. Haka kowane batiri ke tsufa. Zafi yana gaggauta wannan tsufa, kuma ɓarnar ta fi tsanani idan batirin na cike maƙil yana zaune cikin zafi. Wayoyin zamani sun san da haka, shi ya sa suke cika rabin farko da sauri, sannan su rage gudu yayin da cajin ya doshi kashi 80 cikin 100, ko kuma su dakata idan jikinsu ya ɗauki zafi.

Matsalar ita ce ma'aunin da aka ƙera wayoyin a kai. Kamfanin Apple ya bayyana cewa yanayin da ya fi dacewa da na'urorinsa shi ne digiri 16 zuwa 22, kuma zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batiri har abada. Ke nan a tsakar ranar bazara, iskar Namtari kaɗai ta ƙetare wannan iyaka tun kafin a jona waya.

Rashin wuta ya ƙara dagula lamarin. A watan Afrilun 2024 ɓata-gari sun lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, abin da ya jefa Adamawa da maƙwabtanta cikin duhu na tsawon makonni, a tsakiyar zafi. Ko a lokacin da layin ke lafiya, mai waya ba shi ke zaɓen lokacin caji ba. Idan wuta ta zo da ƙarfe biyu na rana, a lokacin zai jona. Idan ba ta zo ba, sai shagon caji, inda wayoyi ke jere a kan katako ɗaya ƙarƙashin rufin kwano, kowace na hura wa 'yar'uwarta zafi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, awannin kunna janareta sun ragu, don haka kowa na son cajar da za ta cika masa waya cikin ƙanƙanin lokaci.

Ma'aikatan tarayya da hadiman da ke rakiyar manyansu daga Abuja zuwa Yola ba su tsira ba. Wayar da aka maƙala a gaban gilashin mota, tana nuna taswira, tana raba intanet, tana kuma shan caji, tana fama da zafi daga wurare uku a lokaci guda. Ga wanda aikinsa ya rataya a kan amsa kira da tura takarda a kan lokaci, batirin da ya mutu da la'asar ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai matakan da ba sa cin ko kwabo. A yi caji da dare ko da asuba idan hali ya yi, a cikin inuwa, a cire rigar waya, kada kuma a ɗora ta a kan katifa ko a tura ta ƙarƙashin matashi. A guji kallon bidiyo ko dogon kira yayin caji. Wayoyin Samsung da iPhone na baya-bayan nan suna da tsarin tsayar da caji a kashi 80, wasu kuma na ba da damar kashe cajin gaggawa gaba ɗaya. Cajar jabu, wadda ba ta daidaita wutar da take bayarwa, ta fi caja mai sauri ta asali haɗari nesa ba kusa ba. Batirin da ya kumbura kuwa a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Sauran aikin na hukumomi ne. Tun daga watan Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta cewa batirin duk wayar da za a sayar a kasuwarta ya jure caji 800 yana riƙe da aƙalla kashi 80 na ƙarfinsa. A Najeriya, hukumar NCC ce ke amincewa da nau'in wayoyin da ke shigowa, hukumar SON kuma ke da alhakin ingancin kaya irin su caja da batiri. Idan za su gindaya irin wannan sharaɗi, ya dace gwajin ya yi la'akari da zafin Yola da Sakkwato da Maiduguri, inda ake amfani da wayoyin. Kafin nan, mai waya a Namtari shi ke biyan kuɗin sabon batiri tun lokacinsa bai yi ba.