Mai siririyar ƙafa da takalmin tseren keke

Ba don tafiya a ƙasa aka ƙera takalmin tseren keke ba. Tafinsa tauri gare shi, na roba mai ƙarfi ko na kabon, ba ya lanƙwasuwa, kuma a ƙarƙashinsa ake ɗaure wani ɗan maƙali da sukurori, wanda ke shiga feda ya kulle. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa wannan tsari a 1984, Bernard Hinault kuma ya lashe gasar Tour de France ta 1985 da shi. A 1990 Shimano na Japan ya fito da nasa mai sukurori biyu, wanda ake kira SPD. Tun daga nan takalmi da feda suka zama abu guda, sai ƙafar da ke ciki kaɗai ta rage da damar motsi. Nan mai siririyar ƙafa ke shan wahala.

Mahayin da ke juya feda sau 90 a minti, ya juya ta sau 5,400 ke nan a awa guda. Idan diddige na ɗagawa kaɗan a kowane juyi, ko tafin ƙafa na zamewa dama da hagu, kafin a dawo gida fata ta yi bororo. Sai mutum ya ga mafita ita ce ya ƙara tsuke maɗauri. Tsukewar ta danne jijiyoyin da ke saman ƙafa, yatsu su mutu, tafin ƙafa ya ɗauki zafi, alhali diddigen bai fasa rawa ba.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne rage lamba. Mai saka 43 ya ji takalmi ya yi masa faɗi, ya koma 42. Lambar nan ta Turai tsawo take aunawa: tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai kashi biyu bisa uku na santimita. Rage ta ɗan faɗi kaɗan yake ragewa, amma yatsu su ne za su riƙa dukan gaban takalmi, ramukan maƙali kuma su kauce daga inda ya dace da ƙafa. A tsarin Amurka ana nuna faɗi da haruffa, D na yawancin maza, B na sirara. Sai dai kamfanonin takalman keke sun fi yin na masu matsakaiciyar ƙafa da na masu faɗin ƙafa. Na sirara kaɗan ne a kasuwa.

To ina mafita? Kowane kamfani yana da siffar ƙafar da yake ɗinka takalmansa a kanta, shi ya sa 43 ɗin wannan ba 43 ɗin wancan ba ce. Mahaya sun daɗe da sanin takalman Italiya da matsewa, musamman na Sidi, wanda Dino Signori ya kafa a garin Maser a 1960, har sai da kamfanin ya ware wani nau'i mai suna Mega don masu faɗin ƙafa. Bont na Ostireliya kuwa yana yin waɗanda ake ɗumamawa a gyara su daidai da ƙafa, abin da ke taimakawa wajen kama diddige, ko da yake zafi ba ya mayar da babban takalmi ƙarami. Takalman mata ma sukan fi tsukewa a diddige, kuma ban ga abin kunya ba idan namiji ya samu daidai da shi a cikinsu.

Maɗauri ma abin dubawa ne. A ganina, tsohuwar igiya ta fi komai dacewa da siririyar ƙafa, don tana kamawa a wurare da yawa, illarta kawai ba a iya gyara ta ana cikin gudu. Mai son abin murɗawa irin na BOA ya nemi mai guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Idan aka ɗaure har gefen takalmin biyu suka haɗe, ko fatarsa ta tattare a kan yatsu, ya yi girma, a bar shi. Shimfiɗar ciki mai tudu a tsakiyar tafin ƙafa tana cike ɗan gurbi. Safa biyu kuwa zufa kawai suke ƙarawa.

A wajenmu yawanci gwanjo ake saye ko a yi oda ta intanet, ba damar gwadawa, kuma ɗabi'ar nan ta sayen babba don "a samu sarari" ba ta aiki a nan. Ka tsaya a kan farar takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka hau keke da ita. Wani ya zagaye maka ƙafafun biyu da biro, ka auna tsawo da wurin da ya fi faɗi da milimita, ka gwada da jadawalin kamfanin. Idan takalmin ya iso, ka ɗaure shi ba tare da tsukewa ba, ka yi ɗage a kan yatsunka. Muddin diddige ya zame, mayar da shi tun kafin ka ɗaura maƙali, don yawancin masu sayarwa ba sa karɓar wanda sukurori suka yi wa tabo.