Ina ungulayen kwata suka shiga?

Duk wanda ya haura shekara 40 kuma ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san lokacin da kwata ba ta rabo da ungulu. Mahauta na fiɗa, su kuwa suna jere a kan katanga suna jiran a jefo hanji. Yau za ka wuni a mayanka da dama ba ka ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai bin diddigin halittun duniya, ta sanya wannan ungulu tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa.

Abu na farko da gari ya ƙwace mata shi ne wurin kwana. Ungulu ba ta sheƙa a kan kwano ko turken lantarki, sai a doguwar bishiya mai manyan rassa irin su rimi, ɗorawa, maɗaci, gawo da tsamiya. Waɗannan kuwa su ake fara sarewa idan an yanka gona an mai da ita fulotai. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Kurna da Giginyu da Rimin Kebe a Kano, Gawon Nama a Sakkwato, duk bishiyoyi ne suka ba su suna, amma yanzu bulo ya fi ganye yawa. Ana cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to tsamiyar ta zama gawayi.

Sai kuma kisa da gangan, wanda ya fi sare bishiya ɓarna. Ana farautar ungulu domin kanta da ƙafafunta da gashinta, ana kai wa masu tsibbu da ke cewa suna kawo sa'a ko ganin gaibu. Yayin da ta yi ƙaranci sai kuɗinta ya tashi, kuɗin ya ƙara jawo mafarauta, har ana shigo da ita daga ƙasashen maƙwabta. Hanyar kamun ita ce guba: a barbaɗa maganin ƙwari a kan nama a ajiye. Wani lokaci ba ita aka nufa ba, makiyayi ne ya sa guba a mushen saniya don kura ko dila, amma tun da ungulaye a taro suke ci, mushe ɗaya kan kashe gommai. A Gini Bisau a 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba, an tarar da da yawa an yanke musu kai. Tsuntsuwar da ke yin ƙwai ɗaya tal a shekara ba za ta iya cike irin wannan giɓi ba.

Wani zai ce to mene ne, ai ƙazamar tsuntsuwa ce. Ƙazantar tata ita ce amfaninta. Ruwan cikinta yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu haɗari, har da na ciwon saifa da ke kama dabbobi da mutane. Garken ungulaye kan share mushe cikin sa'o'i kaɗan, kafin ya ruɓe ya tara ƙudaje ko ruwan sama ya kwashe shi zuwa rijiya da kududdufi. Idan ta kau, abincin bai kau ba. Karnukan bola da ɓeraye da hankaki ne ke gadonsa, kuma su ba sa kashe cuta, yawo suke da ita har cikin gidaje. Haka gari ke yi wa namun da ke kewaye da shi, yana tace su. Masu buƙatar doguwar bishiya ko fadama ko shiru sai su gushe, masu iya rayuwa a kwata da juji sai su hayayyafa. Kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kai ya tafi da kwaɗi da kifayen da ke cin tsutsar sauro, sauron kuwa ya samu lambatu da tsofaffin tayoyi.

Indiya ta riga ta ɗanɗana kuɗar rashin ungulu. Daga shekarun 1990 ungulayenta suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda maganin ciwon jiki mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Karnukan titi suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, kuma wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Gwamnati ta hana yi wa dabbobi wannan magani a 2006, likitocin dabbobi suka koma ga meloxicam wanda ba ya cutar da ungulu, amma har yau adadinsu bai kama ƙafar na da ba.

A Najeriya akwai masu fafutuka, irin su gidauniyar Nigerian Conservation Foundation, da ke zama da masu maganin gargajiya don su nemi saiwa da ganye a madadin sassan ungulu. Aikin nasu a kasuwa yake. Batun bishiya kuwa yana hannun masu yanka fulotai da hukumomin tsara birane, waɗanda ke yanke hukunci ko tsohuwar ɗorawar da ke tsakiyar fili za ta tsaya ko za ta faɗi.