Kamba da Shan Kwana: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara wa Gishiri

A cikin maganganun da ke yawo tsakanin direbobi da kanikawa akwai wadda ke cewa idan aka karkatar da tayoyin gaba na ƙaramar mota, za ta riƙa shan kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Wannan karkata ita ake kira kamba, wato yadda taya take jingina idan aka tsaya a gaban mota aka dube ta, kuma da digiri ake auna ta. Idan saman tayar ya karkata zuwa jikin mota, ana cewa kambar ta ciki ce, idan kuwa ya karkata waje, ta waje ce.

Tushen maganar gaskiya ne. Yayin da mota ta shiga kwana, jikinta yana rinjaya zuwa waje, nauyi ya taru a kan tayar da ke wajen kwanar, tayar kuma ta nemi kwantawa a kan gefenta na waje, har faɗin da ke taɓa kwalta ya ragu. Ƙananan motoci irin su Golf da Corolla sun fi fama da wannan, domin ƙafafunsu na gaba an gina su ne bisa tsarin MacPherson, wanda ya bazu daga motocin Ford na Ingila a farkon shekarun 1950, inda shakazoba da sifirin suke haɗe a sanda ɗaya. Tsarin yana da araha, ba ya kuma cin wuri, sai dai ba ya gyara karkatar tayar sosai idan jikin mota ya rinjaya. Saboda haka 'yar kamba ta ciki tana sa tayar ta zauna daram a daidai lokacin da ake bukatar riƙonta.

Inda aka kauce hanya shi ne zaton cewa gwargwadon yawan kambar, gwargwadon riƙon. Masana'antu sukan saita irin waɗannan motoci tsakanin sifiri da kimanin digiri 1 zuwa ciki, masu tsere a fili kuma sukan kai digiri 2 ko 3, domin mafi yawan tafiyarsu kwana ce mai tsanani. Motar da ke bin titin gari, wadda kusan duk tafiyarta miƙaƙƙiya ce, idan aka yi mata haka, a kan gefen taya take gudu, kuma birki yakan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Wannan asara ce da bai kamata mai ɗaukar iyali ko fasinja ya amince da ita ba.

Akwai kuma masu cewa kamba ce kaɗai ke cinye cikin taya, alhali abin da ya fi saurin cinye ta shi ne saitin baki, wato yadda gaban tayoyin biyu yake fuskantar juna ko yake buɗewa idan aka dube su daga sama. Tayar da bakinta ya kauce jan ta ake yi a kan kwalta maimakon ta mirgina sumul. Abin da ya haɗa al'amuran biyu shi ne duk wanda ya taɓa kamba ya sauya saitin baki ko da bai yi niyya ba, don haka wajibi ne a sake yin alaimen, wato daidaita saitin tayoyin, bayan aikin, kuma a tabbata ɓangaren hagu da na dama sun yi daidai, domin bambanci tsakaninsu yana sa mota ta riƙa ja zuwa gefe ɗaya.

Batun cewa kowace mota ana iya juya mata kamba da sifana shi ma ba haka yake ba, domin da yawa daga ƙananan motoci sun fito ba tare da wurin saitawa ba, sai an sa ƙusoshi na musamman ko faranti a saman shakazoba. A hanyoyi masu ramuka, tayar da aka ga ta karkata sau da yawa alama ce ta shakazoba da ta lanƙwashe, ko robobin ƙafa da suka mutu, kuma saitin da aka yi a kan irin wannan ƙafa ba ya zama, yakan kauce da zarar motar ta sake faɗawa rami.