Ciwon mafitsara a kyanwa

Ciwon mafitsara a kyanwa rukunin cututtuka ne da ke shafar mafitsara da bututun fitsari. Sau da yawa kyanwar kan bar akwatin yashinta ta riƙa fitsari a kan tayil ko shimfiɗa, sai a ɗauka rashin horo ne, alhali zafi take ji.

Kyanwa ba ta cika shan ruwa ba. Ruwan da ke cikin busasshen abincinta kusan kashi 10 ne cikin 100, na gwangwani kuwa kusan kashi 75. Ƙarancin ruwa kan sa fitsari ya yi kauri har tsakuwa ta taru. Muzuru ya fi shiga haɗari saboda bututunsa siriri ne. Idan ya toshe, zai iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3 in ba a kai shi wurin likitan dabbobi ba.