Kurakuran Da Ke Ɓata Takardar Neman Aiki A Ƙasar Fezzan

Yaranmu da dama da suka rako dabbobi daga Agadas ta Dirku da Gatrun sukan so su zauna nan Samnu ko cikin Sabaha, su kama aiki a gonakin turka ko wajen masu motocin dabbobi. Manyan masu gonaki sukan nemi takardar tarihin aiki, watau abin da Larabawa ke kira sira zatiyya. To ga inda ake yin tuntuɓe.

Babban abu shi ne suna. Fasfon Nijar ya ce Mahamadou Ousmane, takardar kara ta ce Mamman Usman, mai rubutun Larabci kuma ya sa Muhammad Usman. A wajen mai gida da ma'aikacin shinge, mutum uku ke nan. A bi abin da ke cikin fasfo harafi da harafi, kana a rubuta Larabcinsa a gefe. Mutanen Libiya sun saba da suna huɗu: naka, na uba, na kaka, da na dangi, saboda haka kada a tsaya kan biyu. Haka ranar haihuwa. In fasfo ya ce 1 ga Janairu, a bar ta haka, ko da kuwa tsohuwa ta ce da damina aka haife ka.

Sai shekaru. Waɗanda suka yi aiki nan zamanin Gaddafi suna da takardun shaida masu lissafi daga wafatin Annabi (SAW). Alal misali 1378 ita ce 2010, watau a ƙara 632. An bar wannan lissafi tun 2011, don haka a juya shi, kada yaron ofis ya zaci ta Hijira ce.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne cika baki. Yaro bai taɓa kwana da garke ba, ya rubuta wai ya iya allura, ya san ciwon huhu da ƙazuwar raƙumi. Ranar da tumaki suka fara mutuwa, shi za a riƙe, a hana shi kuɗin watanni, sunan wanda ya kawo shi ma ya ɓaci a kara. Faɗi iyakar abin da ka yi: kai nawa ka kora, daga wace kasuwa zuwa wace, shekara nawa, a hannun wa. Wanda ya iya ƙidaya da lissafin la'ada ya rubuta, ana nemansa ƙwarai. Karatun allo da Islamiyya ma a sa, tunda shi ne shaidar kana karanta Larabci.

Kada a kai takarda da Faransanci zalla. Shafi ɗaya ya isa. Mai tsaya maka kuwa, a nemi izininsa tukuna, kuma ya zama mutumin da za a samu in an kira, ba wanda ya koma Damagaram tun bara ba. Fasfo na ainihi ya zauna a aljihunka, kwafi za ka miƙa.